Katse Hanzari

Ƙarfe biyun dare a Brno.
Taragon ƙarshe ya wuce tun ɗazu yana kukan ƙarfe,
dusar ƙanƙara ta toshe bakin taga.
Ni da tsohuwar na'ura muka rage a hawa na huɗu,
cikinta a buɗe
kamar kifin Kirsimeti da aka farke ba a gama gyarawa ba.

Aikin ba yawa, in ji Ctibor da ya ɗora mini,
yana naɗa mayafin wuyansa zai tafi gida:
faifai yana da baki, ƙwaƙwalwa tana da kunne,
tsakaninsu ƙofa goma sha shida.
Gano mana ta wacce yake sallama
in ya zo katse mata hanzari.
Takardar kamfani ta ce ta sha huɗu,
amma takarda ba ta san kunya ba.

Daga sifiri ake ƙirga su.
Sifiri ta agogo ce, shi ba ya gajiya da ƙwanƙwasa.
Ɗaya ta madannai, mai jiran yatsa.
Na bar masu gida da gidajensu.
Waɗanda ba mai su na zare wa sakata, na kasa kunne
don 'yan surutu su tona kansu.
Ta bakwai ta yi tari ba wanda ya taɓa ta.
Na shafa mata alama, na mayar na rufe.
Mai amsa sallamar da ba a yi ba
ba a kafa shaida da shi.

Sannan na juya ga faifai: kai, faɗi sunanka.
Na ba shi rabin daƙiƙa,
wadda a garinsu ta kai shekara.
Na leƙa ƙofofin.
Babu.

Na sake. Babu.
Na zagi waya, na canza ta.
Na zagi wanda ya zana allon, ko wane ne, ko a ina yake barci.
Kofi ya huce, ya yi fata.
Fitilar faifan kuwa tana ƙiftawa,
yana juyi, ina jin ɗuminsa a tafin hannuna.
Ya ji ni sarai. Amsar tana bakinsa,
na ma gan ta zaune a rajista, ta naɗe hannu.
Sallamar ce ba ya yi.

Ƙarfe huɗu saura na daina zargin duniya,
na koma karanta abin da na rubuta da kaina.
Layi na ɗari biyu da sha biyu.
Tun watan Oktoba, ranar da yake damuna da kira,
na ɗaga masa ɗigo ɗaya tak:
yi aikinka, kada ka kira ni.
Ban sauke ba.
Wata uku yana riƙe da amanar bakinsa.

Na mayar da ɗaya sifiri.
Kai, faɗi sunanka.

Sha ɗaya!
Ba sha huɗu ba, Ctibor, sha ɗaya,
ƙofa ɗaya, bugu ɗaya, ba mai taya ta.
Na maimaita sau ashirin don kada ido ya yi mini gizo,
sau ashirin tana amsawa.
Na yi dariya ni kaɗai har injin ɗumama ɗaki ya tsaya saurare.

Da na miƙa hannu neman makullin keke
sai na ci karo da wayata, a kife ƙarƙashin takardu,
bakinta a ɗaure tun la'asar.
Bohdana, sau uku. Mama, daga Znojmo, sau ɗaya,
ita ba ta kira sau biyu.

Yanzu ba lokacin tada kowa ba ne.
Na kunce mata baki, na ajiye ta kusa da faifan,
na zauna da rigar sanyi a jikina
ina jiran taragon farko.